Hukuncin Adana Zuciyar Mamaci Domin Dasa wa Majinyaci

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata a wani asibiti a Ingila, an sanya ni cikin ayarin da ake turawa ɗauko zuciyar mamaci domin a dasa wa majinyaci. Wani lokaci a cikin ƙanƙara muke ɗauko ta, wani lokaci kuma a cikin wata na'ura da take sa ta ci gaba da bugawa har mu iso. Abin da yake damuna shi ne, an ce mai zuciyar ya rasu, amma ga ta tana bugawa a gabana. Anya ya rasu kuwa? Aikin nan halal ne, kuma albashina halal ne? Sannan idan an ciro zuciya aka ga ba za ta dasu ba, yaya ya kamata a yi da ita?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Malama, adana zuciya hanya ce zuwa ga dashe, ita kuwa hanya hukuncin manufarta take ɗauka. Idan an ciro zuciyar bayan mutuwa ta tabbata, da izinin mamacin ko magadansa, ba saye ba sayarwa, to adana ta halal ne, aikinki halal ne, albashinki halal ne. Kai, kyautata adanawar ma wajibi ne a kan wanda ya ɗauki nauyin, domin ba a halasta taɓa gawa ba sai don amfanin da ake fata, wanda ya yi sakaci har zuciyar ta lalace ya keta alfarmar mamaci a banza. Bugun da kike gani a cikin na'ura ba shaidar ran mai ita ba ne. Akwai dai hanya guda cikin hanyoyin da ake bi yanzu wadda ban ga halascinta ba, za ta zo a gaba. Da yake malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake, bari mu fara da aikin kansa, saboda masu karatu da ba su san shi kamar yadda kika san shi ba.

Tun daga ranar 3 ga Disamba 1967, da Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a asibitin Groote Schuur na birnin Kef a Afirka ta Kudu, babban abokin gabar wannan aiki shi ne agogo. A wancan karon mai bayarwa da mai karɓa suna asibiti ɗaya. Yau zuciya takan fito daga wani gari, wani lokaci ma wata ƙasa. Ƙoda tana jure kwana guda a cikin sanyi, hanta awa 8 zuwa 12, amma zuciya awa 4 ake so, a matsa a kai 6. Lissafin yana farawa daga lokacin da aka matse babbar jijiyar da take fitar da jini daga zuciya a jikin mamaci, ba ya tsayawa sai an saki jini cikinta a ƙirjin majinyaci. Cirowa da ɗaurewa suna cin nasu, ɗinki a jikin mai karɓa yana cin kusan awa guda, abin da ya rage wa hanya bai fi awa 2 zuwa 3 ba.

Tsohuwar hanya, wadda har yanzu ita ta fi yawa a duniya, ita ce ta sanyi. Ana ba da allurar hana daskarewar jini, wato hefarin. Likita ya yanka babbar jijiyar da take dawo da jini daga ƙasan jiki, ya kuma buɗe ƙofa a ɓangaren hagu na zuciya domin jini ya samu mafita. Sai ya matse babbar jijiyar da take fitar da jini daga zuciya, ya ɗura ruwan tsayar da zuciya mai sanyin digiri 4, lita 1 zuwa 2 gwargwadon irin ruwan, ta gindin jijiyar, yadda zai bi ƙananan jijiyoyin da suke ciyar da naman zuciya. Ruwan iri-iri ne. Na Jami'ar Wisconsin da na St Thomas gishirin fotashiyam ne yake tsayar da bugu a cikinsu, Custodiol kuwa ƙarancin gishirin sodiyam ne. Manufar ɗaya ce, zuciya ta tsaya nan take a sake, ba a ƙanƙame ba, ta daina ƙona ɗan abincin da ya rage a cikinta. Daga nan a yanke ta, a saka a jakar leda mai ɗauke da ruwan adanawa, a saka wannan a ta biyu, ta biyu a ta uku, kowace da ruwan sanyi, sannan a rufe cikin akwati a kewaye da ƙanƙara. Duk saukar zafi da digiri 10 tana rage buƙatar nama da kusan rabi, amma ba ta kai ta sifili. Nama yana ci gaba da cin ajiyarsa a hankali, tsami yana taruwa, ƙwayoyin halitta suna kumbura, kalsiyam yana kutsawa inda bai kamata ba. Ranar wanka kuma ita ce lokacin da aka saki jini mai ɗumi, domin dawowar iskar oksijin farat ɗaya kan yi wa naman da ya galabaita wani sabon rauni.

Inda ake samun matsala sananne ne. Idan mafitar hagu ba ta buɗu sosai ba, ko marfin babbar jijiya yana yoyo, ɗakin hagu na zuciya zai cika ya miƙe, miƙewar nan kuwa ba ta gyaruwa. Idan bangon zuciyar ya yi kauri saboda daɗaɗɗen hawan jini, ruwan ba zai ratsa cikinsa daidai ba. Idan zuciyar ta jingina da ƙanƙara, wurin zai sauka zuwa sifili ko ƙasa, sanyi ya ƙona shi. Zuciyar dattijo kuma ba ta jure jira kamar ta saurayi. Ƙarshen duk waɗannan ɗaya ne, a dasa zuciya ta kasa tura jini, sai an ɗora majinyaci a kan injin da yake aikin zuciya da huhu, kuma wannan shi ne kan gaba cikin abubuwan da suke kashe masu dashe a watan farko. Saboda ƙunar ƙanƙara aka ƙera akwatuna irin SherpaPak, waɗanda suke rataye zuciya a tsakiyar ruwa su riƙe ta tsakanin digiri 4 da 8.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta tayar miki da hankali, na'urar kamfanin TransMedics. Ana zuƙo jinin mamacin lita 1.2 zuwa 1.5, a tace fararen ƙwayoyin jini, a zuba a na'ura. A tsayar da zuciya na ɗan lokaci, a ciro ta, a ɗaura bututu a babbar jijiya, a tura mata jini mai oksijin da ɗumin digiri 34. Cikin 'yan mintuna sai ta soma motsi, idan ta rikice a ba ta ɗan shokin lantarki. Ana so jinin da yake ratsa jijiyoyinta ya kai mililita 700 zuwa 800 a minti, ana ƙara mata abinci da magunguna, ana kuma gwada sinadarin laktet, wato tsamin da nama yake fitarwa idan oksijin ya yi masa ƙaranci, a kai a kai. Lafiyayyar zuciya shanye laktet take yi, don haka ana son na jinin da yake fita ya gaza na wanda yake shiga, adadin ya kasance ƙasa da 5 yana kuma sauka. In yana hawa, alamar zuciyar tana wahala ce, sai a duba yiwuwar fasa dashen. Amfanin hanyar biyu ne, ta tsawaita lokaci, ta kuma ba da damar gwada zuciya kafin a buɗe ƙirjin majinyaci. Aibinta tsada, da kumburin nama idan tafiya ta yi nisa, da hatsarin zamewar bututu, domin zuciya mai ɗumi idan jini ya yanke mata mintuna kaɗan take da su. Akwai ta uku, ta kamfanin XVIVO, wadda ta samo asali daga binciken Stig Steen a Lund ta ƙasar Suwidin. Ita zuciya ba ta bugawa, tana kwance a digiri 8 ana tura mata ruwa mai jajayen ƙwayoyin jini da oksijin a hankali. Da ita aka ɗauko zuciya daga tsibiran Faransa na yankin Karibiyan zuwa Faris a Janairun 2024, ta yi awa 12 a wajen jiki, aka kuma dasa ta.

To, mu dawo ga shari'a. Asalin gawar mutum alfarma ce. Allah ya ce a Suratul Isra'i aya ta 70 cewa Ya girmama 'yan Adam, kuma Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Annabi (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Da wannan ne manyan malamai irin su Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin suka hana ciro gaɓar mamaci, Shaihu Sha'arawi a Masar ya ƙara da cewa jiki ba mallakar mutum ba ne balle ya kyautar. Ba maganar da za a raina ba ce, wanda ya ƙi bayar da gaɓarsa saboda ita bai yi laifi ba.

Sai dai mafi yawan majalisun fatawa sun halasta. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi haka da rinjaye a 1982, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1985, sannan majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a Fabrairun 1988. Ƙudurin Jidda ya halasta ɗauko gaɓa daga mamaci zuwa rayayyen da rayuwarsa ko wani babban aikin jikinsa ya dogara da ita, da sharaɗin izinin mamacin kafin rasuwarsa, ko na magadansa, ko na shugaban Musulmi idan ba a san shi ba ko ba shi da magaji. Ya hana saye da sayarwa. Ya kuma haramta ɗauko gaɓar da rayuwa ta rataya a kanta daga rayayye, ya ma kawo zuciya a matsayin misali. Wannan ra'ayi nake rinjayarwa. Hadisin karya ƙashi yana magana ne a kan wulaƙanci da ta'adi, shi ya sa ya kamanta da rayayye, rayayye kuwa likita yakan tsaga ƙashin ƙirjinsa don magani ba a ce ya yi zunubi ba. Fiƙihunmu na Malikiyya ma bai rufe ƙofar ba. Shaihu Halil ya ce a Mukhtasar ana farka cikin mamaci saboda dukiya mai yawa da ya haɗiye, ya ce ba a farkawa saboda ɗan tayi, nan take kuma ya kawo fassarar da ta ce a farka idan ana fatan rayuwarsa, wanda shi ne ra'ayin Sahnun da Asbag. Masu hanawa a wancan zamani sun duba cewa da wuya ɗan ya rayu. Idan dinari ya isa a buɗe cikin gawa, ran mutumin da aka san kusan tara cikin goma na irinsa suna cika shekara bayan dashe, rabinsu kuma suna haura shekara 10, ya fi cancanta. Allah ya ce a Ma'ida aya ta 32 wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya, ya kuma toge halin larura daga abubuwan da Ya haramta a An'am aya ta 119.

Tunda zuciya ba ta halasta daga rayayye, mas'alar gaba ɗaya ta koma kan tambayarki ta farko, shin ya rasu?

Bugun zuciya ba shi ne rai ba. Zuciya tana da wani ɗan ƙulli a saman ɗakinta na dama wanda yake kunna bugu da kansa, ba ya jiran umarnin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa zuciyar da aka dasa, wadda an yanke duk jijiyoyin saƙo da suke haɗa ta da ƙwaƙwalwa, take bugawa a ƙirjin sabon mai ita, sau 90 zuwa 110 a minti yana hutawa. Duk wanda ya tsaya wurin fiɗar ragon layya ya ga tsoka tana rawa bayan an feɗe an rataye, ba wanda ya ce ragon yana raye. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe tabbatacciyar rayuwa da motsin abin da aka yanka. Rayuwar gaɓa daban, rayuwar mutum daban, ita ta biyun tana ƙarewa ne da fitar ruhi, wanda ba mu ganinsa sai dai alamunsa. Da a ce bugun zuciya shi ne ran mai ita, da an ce mamacin yana raye a ƙirjin wanda aka dasa wa, a hana raba gadonsa, a hana matarsa takaba, ba kuwa malamin da ya faɗi haka. Haka nan imani ba ya bin tsokar zuwa wani jiki. Wanda aka dasa wa zuciya yana farkawa da addininsa da iliminsa da sanin iyalinsa, kuma a kan aikinsa za a yi masa hisabi. Don haka babu laifi zuciyar Musulmi ta je ga wanda ba Musulmi ba ko tasa ta zo ga Musulmi, tunda a tsarin rabon ƙasar da kike ba a zaɓen mai karɓa da addini, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa akwai lada a taimakon duk mai ɗanyar hanta.

Abin dubawa shi ne halin mutumin kafin wuƙa ta taɓa shi. Masu bayar da zuciya kashi biyu ne.

Na farko wanda aka tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwarsa, na'ura tana hura masa numfashi, zuciyarsa tana bugawa har a kai shi ɗakin tiyata. A nan malamai sun saɓa saɓani na gaske. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a Oktoban 1986, ta ce ana hukunta mutum da mutuwa da ɗayan alamu biyu: zuciya da numfashi su tsaya cak likitoci su ce ba dawowa, ko duk ayyukan ƙwaƙwalwa su tsaya, ƙwararru su ce ba dawowa, ƙwaƙwalwar kuma ta fara ruɓewa. Shekara guda bayan haka majalisar Rabiɗa a Makka ta halasta cire na'ura daga irin wannan majinyaci, amma ta ce ba a hukunta shi da mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan cirewar. Hujjarta ita ce yaƙini ba ya gushewa da shakka, rayuwarsa kuwa ita ce yaƙinin da aka sani. A Ingila abin da ake gwadawa shi ne mutuwar gindin ƙwaƙwalwa, inda cibiyar numfashi da ta farkawa suke. Likitoci biyu ƙwararru, waɗanda ba sa cikin ayarin dashe, su fara kore duk abin da kan yi kama da mutuwa, kamar maganin barci da sanyin jiki da rikicewar gishirin jini. Sannan su haska ido, su taɓa baƙin ido, su zuba ruwan ƙanƙara mililita 50 a kunne, su taɓa maƙogwaro da bututu, su matsa wurin zafi, daga ƙarshe su cire na'ura na minti 5 su ga ko zai yi yunƙurin numfashi duk da taruwar gurɓatacciyar iska a jininsa. Ana yin gwajin sau biyu. Taron malamai da likitoci na Kuwait a 1985 ya karɓi wannan ma'auni, haka majalisar shari'a ta Musulmin Birtaniya a 1995.

Ni ina ganin hukuncin Amman ya fi ƙarfi idan an cika gwajin yadda ya kamata. Alamun mutuwa da magabata suka lissafa, kamar sakin ƙafafu da karkatar hanci da faɗawar gefen goshi, ba nassi ba ne, abin da gogewa ta nuna musu ne, kuma Halil da kansa ya ce a gaggauta shirya gawa sai wanda ya nutse a ruwa, domin shi alamun kan yaudari mai kallo. Ashe abin nema shi ne tabbaci, daga bakin masana. Numfashin wanda gindin ƙwaƙwalwarsa ya mutu aikin inji ne, ba nasa ba. Amma kada a haɗa shi da mai doguwar suma wanda yake numfashi da kansa ko yake buɗe ido. Wannan rayayye ne da ijma'i, ciro zuciyarsa kisan kai ne, ko da shekara nawa ya yi a kwance. Iyalin da suka zaɓi bin ƙudurin Makka suka ce ba a taɓa nasu sai zuciya ta tsaya, suna kan hujja, kada a matsa musu.

Kashi na biyu shi ne ya sa na'urar mai bugawa ta yaɗu. Majinyaci ne da ƙwaƙwalwarsa ta yi mummunan rauni amma bai cika sharuɗɗan mutuwar ƙwaƙwalwa ba, likitocinsa da iyalinsa suka yarda cewa ci gaba da na'ura ba shi da amfani. A cire, a jira zuciya ta tsaya, a ƙirga minti 5 ba mai taɓa shi, a tabbatar da mutuwa, sannan a garzaya ɗakin tiyata. A da ba a amfani da irin wannan zuciya saboda ta sha wahala cikin ɗumi ba jini, kuma a ƙanƙara ba yadda za a san ko ta farfaɗo. Asibitin St Vincent's na Sidni a Ostareliya ya fara tayar da ita a na'ura ya dasa wa manya a 2014, Papworth a Ingila ya biyo a 2015, Jami'ar Duke a Amurka a Disamban 2019. Ƙa'idar masu aikin ita ce kada a haura kimanin minti 30 daga lokacin da awon jini na sama ya faɗi ƙasa da 50 zuwa lokacin da ruwan adanawa ya shiga zuciyar. Kin ga ke nan minti biyar ɗin jira daga cikin talatin ɗin nan ake cire su, a nan kuwa fitinar take, domin kowane minti da aka ba mamaci an rage wa zuciya.

Mai tambaya zai ce, Amman ta sharɗanta tsayawar da ba dawowa, ga shi kuma zuciyar ta dawo a akwatin na'ura. Amsa ita ce abin da aka hukunta da yankewa shi ne zagayawar jini a jikin wannan mutum da kaiwarsa ga ƙwaƙwalwarsa, ba iyawar tsoka ta motsa a wani wuri ba. Binciken da aka buga a Janairun 2021, kan majinyata 631 a Kanada da Cek da Holan waɗanda aka cire wa na'ura, ya nuna zuciya takan ɗan dawo da kanta bayan ta tsaya, amma mafi tsawon tazarar da aka gani minti 4 da daƙiƙa 20 ce, kuma babu wanda ya farfaɗo a cikinsu. Gaskiya ne bayan minti 5 abin da aka tabbatar shi ne ba za ta dawo da kanta ba, kuma ba za a yi yunƙurin dawo da ita ba domin an riga an yanke cewa yunƙurin ba shi da amfani ga mai wannan rauni. Wannan ya wadatar, domin da irin wannan alama Musulmi suke rufe idon mamatansu tun zamanin Annabi (SAW), shari'a kuma ba ta wajabta danna ƙirjin wanda masana suka ce ba zai amfana ba. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya halasta barin farfaɗowa idan ƙwararrun likitoci uku amintattu sun tabbatar da haka. Amma minti 5 shi ne mafi ƙaranci, ba a taɓa shi. Abin da aka yi a Denba ta Amurka, aka buga a 2008, inda aka jira daƙiƙa 75 kawai kafin ciro zuciyar jarirai biyu, ba ya halasta, domin ya faɗa cikin tazarar da zuciya kan dawo. Italiya minti 20 take jira, ƙarin jira kuwa ya fi kusa da tsantseni. Wajibi ne kuma shawarar cire na'ura ta fito daga likitocin majinyaci don halin majinyaci, ayarin dashe ba su da baki a ciki, kuma kada a ba shi wani magani da nufin gaggauta mutuwarsa.

Hanyar da na ce ban ga halascinta ba a cikin wannan kashi take. Maimakon a ciro zuciya a tayar da ita a akwati, sai a buɗe ƙirji bayan minti biyar ɗin, a ɗaure jijiyoyin da suke kai jini zuwa kai, a haɗa gawar da inji, jini mai ɗumi ya sake zagaya ƙirji da ciki, zuciya ta tashi a mazauninta. Ta fi arha, tana kuma amfanar hanta da ƙoda. Sai dai an hukunta mutuwar mutumin ne da yankewar zagayawar jini a jikinsa, ga shi an dawo da ita a jikin nasa. Ɗaure jijiyoyin kai kuma yana nuna ana tsoron abin da zai faru idan jini ya isa can, alhali akwai ƙananan hanyoyi ta kashin baya da jini kan iya bi. Likitoci ma ba su haɗu a kanta ba, ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta nemi a dakata da ita a 2021. Rai ba a wasa da shakka a kansa, musamman da yake akwati yana biyan buƙata, larura kuwa gwargwadonta ake ɗauka. Idan an kira ki irin wannan aiki, ki nemi a musanya ki. Haramcin bai shafi wadda ake takaita jinin ga ciki kaɗai ba tare da tayar da zuciya ba, wannan mas'ala ce daban.

Batun izini yana buƙatar kulawa a inda kike. Tun Mayun 2020 dokar Ingila tana ɗaukar baligi a matsayin wanda ya yarda matuƙar bai rubuta ƙin yarda ba. A shari'a ba a jingina wa wanda ya yi shiru magana, don haka shirun Musulmi ba izini ba ne, sai magadansa sun furta. Alhamdu lillahi, a aikace ana tuntuɓar iyali kafin a ɗauki komai. Shawara ga 'yan'uwa mazauna can, kowa ya rubuta matsayinsa ya kuma gaya wa iyalinsa tun yana da lafiya. Kuɗin da ake biya na jirgi da na'ura da ma'aikata ladan aiki ne, ba farashin zuciya ba.

Jinin da ake zubawa a na'ura da hefarin, wanda galibi daga hanjin alade ake samo shi, dukansu sun shiga hukuncin magani da najasa a halin larura inda babu madadin da zai tsaya matsayinsa. Ita zuciyar kanta mai tsarki ce, domin abin dogaro a mazhaba shi ne ɗan Adam ba ya zama najasa da mutuwa, wanda aka dasa wa zai yi sallarsa ba tare da wani waswasi ba.

Abin da yake kanki a aikin amana ce. Ki rubuta lokacin matse jijiya daidai da mintinsa, domin a kansa likitan da yake jira zai yanke shawarar buɗe ƙirjin majinyaci. Ki tabbatar da rukunin jini da alamar akwati, ki lura da ma'aunin sanyi, idan laktet yana hawa ko bututu ya motsa ko lokaci ya zarce ki faɗa ko da za a fasa dashen. Ɓoye irin wannan ha'inci ne da zai iya cin rai. Gawar kuma a rufe al'aurarta, a ɗinke ta da kyau, a miƙa wa iyali da wuri. Jinkirin wasu awoyi don wannan aiki bai saɓa wa umarnin gaggauta jana'iza ba, ana yi mata wanka da likafani da salla kamar kowace gawa.

Zuciyar da aka fasa dasawa kuwa, idan an gano tun ana ɗakin tiyata, a mayar da ita ƙirjin mai ita a ɗinke. Idan sai bayan an yi nisa aka gano, hakkinta a naɗe ta a ƙyalle mai tsabta a binne, a kabarin mai ita idan ba a rufe shi ba, in an rufe a haƙa mata rami a maƙabarta ba tare da tone shi ba. Ba a yi mata wanka ko salla a mazhabar Malik, domin ba a sallatar abin da bai kai mafi yawan jiki ba. Ciro marafanta a ajiye don yi wa wasu majinyata aiki, yara musamman, ya halasta idan izinin iyali ya haɗa da hakan, bincike ma sai da izini na musamman. Asibitoci da yawa ƙona ragowar nama suke yi, ƙona sashen ɗan Adam kuwa bai halasta ba a wurinmu. Ki sanar da jami'an da suke karɓar izini cewa iyalan Musulmi suna buƙatar a tambaye su wannan tun farko, a rubuta a takarda cewa a dawo musu da ita. Idan kin faɗa aka ƙi, ko abin ya fi ƙarfin matsayinki, babu zunubi a kanki.

Allah ne mafi sani.